Shekarar da Na Zuba wa Gardeniya Toka

Saratu, yau zan kama sunanki da bakin alƙalami, ko da yake ke ce ta fari, kuma a gidanmu can Tibiri mace ba ta kiran ɗanta na fari da suna ko da wuta ce ta kama rigarsa. Shekara arba'in da bakwai ina ce miki "ke" ko "waccan", kina amsawa. To, na tsufa, kunyar ta ishe ni haka. Abin da zan faɗa shi ne wannan: ba takardun pansiyon babanku ne suka riƙe ni a Yamai ba shekarar da kika haihu. An gama da takardun nan tun kafin zafi ya kankama, suna cikin akwatina an buga musu hatimi. Ƙarya na yi miki, sau uku a salula, sau ɗaya ido da ido. Itace ne ya riƙe ni, wannan da ke lungun bayan ɗakin girki, wanda in kun zo kuke shanya tawul a kansa ina yi muku faɗa. Iliya, kai ma ka karanta, don kai ne mai tare mini faɗa duk lokacin da aka ambaci shekarar yayarka ta yi shiru. Ka daina, tana da gaskiya.

Kun san mun yi shekara ashirin da wani abu muna haya a Zongo, gidan da ba a rufe ƙofarsa sai an ga dama. Ga keken ɗinkin Malam Sani tela yana ƙara a zaure daga safe har magariba, ga masu shago, ga ƴan Maraɗi suna leƙowa da saƙon tattasai da kilishi. Babanku yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, duk unguwa Mushe Dauda ake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, ni kuma saj-fam ce, ungozomar likita, ina karɓar haihuwa a matarnite. Da muka ajiye aiki sai ya ce shi ya gaji da hayaniya, ya gina mana wannan gida a Tondibiya, kusa da kogi. Ni ban so ba, kuma ban ɓoye ba. Majami'armu ta yi nisa, sai an shiga mota biyu. Maƙwabta duk Zabarmawa ne, mutanen kirki, amma Zabarmancina na ɗakin haihuwa ne: yunƙura, numfasa, kwanta, an samu mace. Da wannan ba a yin hira. Ku kuma kun riga kun watse, ke kina Maraɗi gidan mijinki, Iliya yana Kwatano. Daga ni sai Mushe, sai kukan jakuna daga bakin ruwa.

A shekararmu ta farko ya dawo daga gari da wani ɗan dashe cikin baƙar leda, bai fi tsawon hannu ba, ganyensa kore shar yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Wurin masu sayar da furanni a gindin gadar Gaweye ya samo shi, a hannun wani mutumin Togo. Ya ce sunansa gardeniya, wai tun yana saurayi da aka tura shi Lome ƙarin ilimi ya taɓa shaƙar furensa a wani gida, bai manta ba. Akwai lungun nan tsakanin ɗakin girki da katanga, rana tana leƙa shi da sassafe kawai, kafin ta yi zafi inuwar ɗaki ta rufe shi, iska kuma ba ta samun hanyar shiga. Ni na riga na sa wa lungun ido, zogale da yakuwa zan shuka. Na fito da safe na tarar ya haƙa rami.

"Mushe, me ake yi da shi? Ana miya?"

"Ba a miya."

"Magani ne?"

"Ba magani ba ne."

"Inuwa fa?"

"Ƙamshi yake yi, Rahila. In ya yi fure za ki ji."

"To, Allah ya ba mu abin da za mu ci, hanci ya jira."

Tun ranar na raɗa mata suna Baƙuwa, don ba ta aikin komai a gidan, sai dai a yi mata hidima. Shekara biyar ba ta yi fure ko ɗaya ba. Ganye dai ba ta zubarwa, rani da damina kore take, wannan kam na ba ta. Amma hidima, kai! In bazara ta shigo ya ɗaura mata rumfar zana. Ya sa aka jawo indararo daga rufin kwano zuwa wasu manyan gangunan roba guda huɗu, in damina ta cika su ya rufe ya ɗaure da waya. In ruwan ya yi ƙasa ya ɗauki jarka biyu ya gangara kogi, alhali ga rijiya a tsakar gida. Kowace Asabar ya tafi Zongo shan shayi wurin Malam Sani, ya dawo da ƙullin leda yana ɗiga, ya wuce lungu da shi. Kun tuna Kirsimetin da kuka zo ku duka, Iliya ya tambaya ko Baƙuwa ta ci abinci, muka yi ta dariya har da riƙe ciki? Babanku ma ya yi murmushi, amma bai sake zama a tabarmar ba. Ban taɓa tambayarsa mene ne a ledar ba, ko gangunan na mene ne. Na ɗauka rigimar tsofaffin malaman lakwal ce, waɗanda in sun rasa yaran da za su jera a layi sai su sami itace. Shi kuma da ya ga bakina ba ya gajiya, sai ya daina gaya mini komai a kanta. Mu biyu rak a gida, amma akwai wuri guda da ban taɓa tsayawa kusa da shi ba.

Wata Talata a ƙarshen sanyi ina tankaɗe a ɗakin girki, na ji muryarsa ta taga.

"Rahila, zo ki gani. Ta ɗauki ƙunshin fure. Bakwai na ƙirga."

"Hannuna da gari. In ta haifi abin da za a sa a tukunya ka kira ni."

Ya yi ƴar dariyar nan tasa ta hanci, na ji ƙarar jarkoki, na ji ƙofa. Wannan ce maganata ta ƙarshe da mutumin da na zauna da shi shekara talatin da bakwai. A hanyar dawowa daga kogi ya faɗi, masunta suka kawo shi a amalanken jaki. Ni da na yi rayuwata ina taɓa jijiyar mutane, ina sa yatsa a wuyansa na san babu sauran zuwa likita. Jarka ɗaya ta fashe a hanya. Ɗayar wani ya biyo su da ita ya ajiye a bakin ƙofa, cike.

Ke ba ki zo jana'iza ba, kuma ba laifinki ba ne. Shekara goma sha ɗaya da aure, ɓari biyu, ga ciki na uku wata biyar, likita ya hana ki zuwa kasuwa balle Yamai. Iliya ya zo ya yi mako biyu ya koma. Matan majami'a sun yi ta zuwa suna yi mini waƙa da addu'a, sannan suka rage zuwa Lahadi-Lahadi, sannan nisa ya yi aikinsa, ban kuma ga laifinsu ba. Na wayi gari wata rana ba kowa, na zuba shayi kofi biyu bisa sabo, na tsaya ina kallon na biyun har ya huce. Ranar ce na fara shiga lungun. Ƙunshin furen suna nan bakwai cif, korra, a murɗe kamar ƙananan kuɓewa. Na tsuguna na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba. Na ce a raina, ya kira ni ban zo ba, to yanzu na zo, kuma sai na ga furen nan da idona ko me za a yi.

Ku tuna ni ɗiyar manoma ce. Innata ba ta taɓa shuka kabewa ko kuɓewa a bayan ɗaki ba tare da ta zagaye su da tokar murhu ba, tana korar gara, tana sa ganye ya yi ƙarfi. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa a garinmu ba a zubar da shi a banza, gindin itace ake kai shi. Da haka aka raini duk itacen da na sani, bedi da lemu da gwanda, kuma ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Sai na ce ashe abin da ya hana Baƙuwa fure shekara biyar yunwa ce, Mushe ya san alli da allo amma bai san ƙasa ba. Kowace safiya in kwashe tokar murhu in zagaye gindinta, in bi da ruwan wanki. Da na kwance wayar gangunan nan na ga ruwan sama garau, har murna na yi, don babu ruwan da ke kumfa da sabulu kamarsa. Da shi na riƙa wanke zannuwana, in na gama in kai mata ragowar mai kumfa. Ina yi ina jin daɗi a raina, wai ina gyara abin da ya ɓata.

Bayan mako uku sababbin ganye suka fara fitowa rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ne kore. Ƙunshi ɗaya ya faɗi, na tsince shi a ƙasa bai buɗe ba. Na ce zafi ne, na ƙara ruwa. Na biyu ya faɗi, na ce gara ce, na ƙara toka. A lokacin ne kika fara kira.

"Mama, likita ya ce in samu wanda zai zauna da ni. Ƙafafuna sun kumbura. Yaushe za ki taho?"

"Ina nan tafe. Takardun babanku ne ba a gama ba, sun ce sai ni da kaina."

"To, Allah ya sa a gama da wuri."

Na ajiye salula. Na san abin da kumburin ƙafa yake nufi ga mai ciki irin naki, ni da na karɓi ƴaƴan mutane da ba zan iya ƙirgawa ba. Na sani sarai. Amma na ɗaga kai na duba sama, ko ɗigon girgije babu, bazara ta buɗe wuta, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Na ce in na tafi yanzu Baƙuwa ba za ta kwana uku ba. Haihuwa sai ƙarshen watan shida, ruwa kuwa yakan sauka kafin nan. In jira ruwan farko, in tafi da kwanciyar rai, in same ki da sauran lokaci. Haka na zauna na tsara wa Allah abinsa.

Hamsatu maƙwabciyata, matar ɗaya daga masuntan da suka kawo babanku, ita kaɗai ce takan taka turmi ta leƙo ta katanga ta ce mini fofo, gaisuwarsu ta Zabarmanci. Ta lura da jakar da na haɗa na ajiye a baranda, mako biyu ba ta motsa ba. Da guntun Hausarta da guntun Zabarmancina ta gane abin da ake ciki.

"Madam, tafi wurin ɗiya. Ba ni makulli. Ni zuba ruwa, kullum."

"Ba ki san yadda ake yi mata ba."

"Mushe yana ɗebo kogi. Ni ma ina ɗebo kogi."

"Na gode, Hamsatu. Sai ruwa ya sauka."

Ta dube ni, ta dubi itacen, ta ce kala suru, wato sai haƙuri, ta sauka daga turminta. Ni a ganina ba wanda zai iya sai ni.

Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a lokacin ita ce tsoro nake ji. Gidan nan babu abin da ke jirana da safe sai ita. Sai in wuni ban ji muryar mutum da Hausa ba, in ba rediyo na kunna ba. Na daina dafa tuwo, don tuwon mutum ɗaya abin kunya ne a tukunya, sai gari da sukari in jiƙa in sha a tsaye. Rigarsa tana rataye a ƙusa, tabaransa yana kan Littafi Mai Tsarki inda ya bar shi, ban iya taɓa ko ɗaya ba. Amma in na shiga lungun bakina yakan buɗe. Da shi nake magana, ina gaya masa wanda ya zo da wanda bai zo ba, ina ba shi haƙuri kan maganar tukunya. Gani nake in ta mutu, to ya tafi ke nan gaba ɗaya da wannan magana tawa a kunnensa. Ke kuwa kina da miji, kina da dangin miji, kina da likita, haka na riƙa jera wa kaina. Kin sake kira a watan huɗu, na ce takardu. Kin kira a farkon watan biyar, muryarki ƙasa-ƙasa.

"Mama, tsoro nake ji."

"Ki rage gishiri, ki riƙa kwanciya ta gefen hagu. Da an sa hannu a takardun nan ina hanya."

Abin da ya fito bakina ke nan. Saj-fam ce ta amsa miki, uwar tana lungu da kwanon toka a hannu. Lokacin saura ƙunshi biyu.

Wata Alhamis da hantsi mijinki Yohanna ya kira. Jininki ya hau, kin fara jijjiga, an shiga da ke ɗakin aiki, an ciro yarinya wata guda kafin lokacinta.

"Suna da rai?"

"Suna da rai, Mama, su biyun. Amma ta sha wuya. Kafin a shiga da ita ke take ta kira. Innata ta iso daga ƙauye, tana wurinta."

"Gobe ina hanya."

Nan ne wurin da ya fi mini wuyar rubutawa, na ajiye alƙalami sau biyu kafin in ci gaba. Goben ta zo ban tafi ba. Na kai jaka har bakin ƙofa, na koma in yi mata ban ruwa na ƙarshe, na tarar da ƙunshi na shida a ƙasa, saura ɗaya tal, ga kuma hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na ce kwana ɗaya. Hadarin ya watse ko yayyafi bai yi ba. Na ce kwana ɗaya kuma. Sai kunya ta hau kaina. Da wane ido zan dubi uwar Yohanna, wadda ta bar gonarta ba a share ba ta taho, ni mai takardar ungozoma ina zaune? Kowace rana da ta wuce sai tafiyar ta ƙara nauyi. Na kashe salula, na shirya cewa wuta ce aka ɗauke. Kwana takwas na yi haka. Aka yi suna ba ni.

Rana ta tara Malam Sani ya yi sallama. Ya yi wata huɗu a Damagaram yana jinyar mahaifiyarsa, sai da ya dawo ya ji rasuwar abokinsa. Ya zauna a baranda ya yi mini gaisuwa irin tasu, na amsa irin tamu. Can sai ya ciro ƙullin leda daga aljihun rigarsa.

"Madam, ban san ko yana da amfani yanzu ba. Ganyen shayin da aka dafa ne, shi nake tara wa Mushe. Tun da na dawo hannuna ya ƙi zubar da shi."

"Me yake yi da shi?"

"Au, bai gaya miki ba? Abincin itacen nan nasa ne. Tana nan kuwa?"

Na kai shi lungun. Ya tsaya ya dubi ganyen da suka rage, rawaya kamar an tsoma su a rini, ya dubi gindin, fari fat da toka, ga busasshiyar kumfa a kai. Ya yi salati a hankali.

"Wa ya zuba mata toka?"

"Ni. Tana korar gara."

Ya cire hula ya mayar.

"Madam, Mushe ya sha gaya mini, wannan ba irin itacenmu ba ce. Ƙasa mai tsami take so. Toka da sabulu da duk abin da ya yi kama da kanwa, guba ne gare ta. Ko ruwan rijiyarku ba ya ba ta, ya ce yana da kanwa-kanwa. Shi ya sa yake tara ruwan sama, shi ya sa yake zuwa kogi. Shekara biyar yana gyara ƙasar nan da ganyen shayi da ruɓaɓɓen ganye kafin ta yarda ta ɗauki fure."

"To da na bar ta fa? Da ban taɓa ta ba?"

Bai so ya amsa ba, mutum ne mai kunya. Na sake tambaya.

"Da wani ya riƙa zuba mata ruwan kogi moɗa biyu da safe, da yanzu gidan nan ya cika da ƙamshi."

Ban yi kuka ba. Na zauna dirshan a ƙasa. Wata uku ina zaune gadin abin da ni ce ciwonsa. Na bar ɗiyata ta shiga ɗakin aiki tana kirana, don in tsaya in kashe itacen ubanta da hannuna, safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Na fara kwashe tokar da tafin hannu, Malam Sani ya naɗe hannun riga ya kama mini. Muka cire ƙasar sama har muka ga saiwa, Hamsatu ta miƙo mana ruɓaɓɓen ganye daga gindin mangwaronta, muka cika ramin, muka juye ganyen shayin, muka wanke gindin da abin da ya rage a ganga ta ƙarshe. Muna cikin yi ƙunshi na bakwai ya faɗo a bayan hannuna. Na miƙa wa Hamsatu makulli ta katanga. Ta karɓa ta ƙulle shi a bakin zanenta. Washegari na shiga motar Maraɗi.

Uwar Yohanna ta tarbe ni da mutunci, abin da ya fi mini zagi ciwo. Ita ke dama miki kunu, ita ke yi wa jaririya wanka, ita ta san ta inda ake tallafe ki in za ki tashi. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baƙi, aka kawo mini ruwa a kofin gilashi bisa faranti. Kin rame har na kusa in kasa gane ki. Aka miƙo mini yarinyar cikin zane, ƴar mitsitsiya, na tambayi sunanta, aka ce Hannatu, sunan uwar Yohanna. Na san tun cikin farko kin gaya wa babanki in mace ce Rahila za a sa, shi ya tsegunta mini. Na ce suna mai kyau, kuma har yau ina cewa matar nan ta cancanta. Da ɗakin ya rage mu biyu kika dube ni.

"An gama takardun?"

"An gama."

"Madalla."

Kika juya fuska bango. Da na faɗa miki gaskiya ranar, wataƙila da kin yi mini ihu, mun yi kuka, ya wuce. Amma ta yaya mace za ta dubi ɗiyarta da ɗinki a ciki ta ce itace ne? Na yi mako uku ina neman abin da zan taɓa a gidan, kowane aiki da mai shi. Na haɗa jakata na dawo.

Ruwa ya sauka ina can. Da na buɗe ƙofa na wuce lungu kai tsaye, ga ƙananan ganye sababbi, kore shar, a kan rassan da na ɗauka sun mutu. Na tambayi Hamsatu me ta yi mata. Ta ce ba komai, ruwan kogi da safe, ta rufe ƙofa ta tafi.

Sai a damina ta biyu ta yi fure. Na fito da safe da tsintsiya a hannu, ƙamshin ya tare ni tun daga baranda, mai nauyi, mai daɗi, ba irin na turaren wuta ba, ba kuma irin na kwalba ba. Guda uku ne, fari fat, masu kauri kamar sabon yadi, in ka taɓa da yatsa wurin ya yi ja-ja kafin yamma. Mushe bai yi ƙarya ba. Na juya in kira wani ya zo ya shaƙa, babu kowa a gidan. Na tsaya a inda ya tsaya ranar Talatar nan, kusa da tagar ɗakin girki, sai na ga ashe daga nan ana hango wurin da nake zama in yi tankaɗe. Na auna da ƙafata, taku biyar ne tsakani.

Shekara goma sha biyu ke nan. Baƙuwa ta wuce taga tsawo, kowace damina tana cika gidan har Hamsatu tana cewa tana ji daga ɗakinta. Malam Sani ya rasu bara waccan, yanzu ni ke shan shayin ni kaɗai ina tara mata ganyen. Hannatu tana ce mini Kakar Yamai, tana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida malamar lakwal. Ke kuma ba ki taɓa rage ni da komai ba, Saratu. Kina kira kowace Lahadi, kina aiko da magani, kina tambayar ƙafata. Amma tun daga ranar ba ki sake ce mini kina jin tsoro ba. Ko da aka kwantar da Yohanna a likita, a bakin Iliya na ji. Na san ni na koya miki hakan, kuma yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ban rubuta don ki ce ya wuce ba. In kin iya ki ce, in ba ki iya ba ban ga laifinki ba. Na rubuta ne don kada in tafi kina tsammanin wani ma'aikaci ne a bayan tebur ya hana uwarki zuwa. Ba kowa ba ne, ni ce.

Gidan nan naku ne bayana. In kun sayar, ku gaya wa mai saye: ruwan sama ko na kogi, moɗa biyu da safe, ganyen shayi in an samu, toka kuwa ko ta kusa. In ɗayanku ne ya zauna, haka ɗin dai. Amma ke Saratu, ranar da Hannatu ta kira ki ta ce tana jin tsoro, ko da furen yana buɗewa ne a gaban idonki, ki miƙa makulli ta katanga ki tafi tasha.